Sumon Gidanmu Da Jirgin Kawu

Mai karatu, ka yi mani afuwa. Na san a wannan shafi ka saba tarar da ni na shimfiɗe wani fim ina feɗe shi, ina cewa darakta ya yi barci a bakin aiki, jaruma ta shiga ɗaki da jan ɗankwali ta fito da kore, an ce dare ne alhali ga inuwar mai kyamara nan a jikin bango. To wannan watan babu fim ɗin da zan feɗe. Kaina zan feɗe. In kana cikin waɗanda suka daɗe suna jin haushin yadda nake kushe aikin mutane, gyara zama, yau take salla a wurinka.

Zancen injin ruwa ne. Injuna biyu ma: ɗaya a gidanmu a Mahuta, ɗaya a cikin wani jirgin ruwa a Legas wanda ban taɓa sa shi a ido ba, domin ya nutse tun kafin a haife ni. Dukansu ciwo ɗaya suka yi, wato sun kama aiki sun ƙi tsayawa.

Kafin wani ya rubuto wa Edita wasiƙar gyara, na sani Mahuta biyu ce a kudancin Jihar Katsina, akwai ta Ɗandume, akwai ta Ƙafur. Tamu ta Ƙafur ce. Ƙasar noma ce ta gasken gaske, masara da dawa da auduga da waken suya da damina, tumatir da tattasai da rani. Amma duk wanda ya san yankin nan na Funtuwa da Malumfashi ya san ruwan namu a sama yake da yawa. A ƙasa dutse ne. In ka haƙa ba tafki za ka tarar ba, sai abin da ya taru a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Shi ya sa da zarar an shiga watan Maris rijiyoyin gida sai su soma kawo laka, yara su yi ta safa da jarkoki, 'yan garuwa su ƙara kuɗi.

A farkon 2023 aka gaji a gidanmu, aka ce a haƙa burtsatse. Yaya ya sayar da masarar da ya ɓoye, Inna ta sa aka kai bijiminta kasuwa, shi kaɗai tilo da ta yi shekara biyu tana kiwo, ni ma na kawo ɗan abin da ba a rasa ba. Aka samu ruwa, aka zura injin nan da ake kira sumo, aka ɗora tanki mai cin lita 2,000 a kan hasumiyar ƙarfe, aka sayo janareta. Ba mu gama murna ba sai ga 29 ga Mayu, ranar da Bola Tinubu ya karɓi mulki ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da hukuma ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Janareta ya koma kayan kallo. Haka aka sake yin karo-karo aka sa sola.

Bari in yi maka bayanin yadda abin ke aiki, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Rana ta fito, farantan sola su ɗauki wuta su miƙa wa wani akwati da ke liƙe a bango, akwatin ya tada sumo can ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya hau tanki. A cikin tankin akwai wani ɗan abu na roba kamar sabulun wanka, ɗaure a bakin waya, yana yawo a kan ruwa. Masu gyaran famfo suna ce masa fulot. A cikinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe, in ka girgiza za ka ji yana ƙwas-ƙwas. Idan ruwa ya yi ƙasa fulot zai rataya kai ƙasa, inji ya ci gaba da turo ruwa. Idan tanki ya cika ruwa ya ɗaga masa kai, ƙwallon ya gangara ɗaya gefen ya danna makunni, akwatin ya kashe sumo. Shi ke nan. Sumo ba shi da ido, abin da fulot ya gaya masa shi yake bi.

Wajen shekara guda komai na tafiya daidai. Kafin azahar tanki ya cika, ƙarar zubar ruwa ta ɗauke. Har Inna ta mai da shi agogo: in ta ji shiru daga sama, ta san lokacin ɗora tukunya ya yi.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, daidai shigowar zafi. Muna da goma sha wani abu sai Yaya ya kira ni ina Kano. Ya ce sumo ya ƙi tsayawa. Tun fitowar rana yake zuba har faɗuwarta, tanki ba ya wuce rabi, kafin sahur kuma babu ko ɗigo. Da farko sun ɗauka zafi ne da yawan wanka, amma yanzu abin ya fi ƙarfin haka. Rabona da gida tun ƙarshen Fabrairu, lokacin da na kai wa Inna ɗan rago ta yi kiwo saboda Babbar Salla. Na bi ta Gwarzo da Dayi da Malumfashi, na isa ana shirin shan ruwa.

Ba injin ne ya fi tayar mani da hankali ba, abin da na tarar a tsakar gida ne. Akwai famfo guda da aka fitar ƙofar gida saboda maƙwabta, makullin kwaɗonsa yana hannun matar Yaya, ita ke buɗewa bayan la'asar ta rufe kafin magariba. To da ruwa ya soma ɓacewa da daddare, sai magana ta soma yawo. Wata ta ce ta ga 'yan garuwa a ƙofar gidanmu bayan isha'i. Wata ta ce ai ƙanin matar Yaya yana buga bulo a bayan gari, ina yake samun ruwa? Ba wanda ya fito fili ya ce mata ɓarauniya, amma ka san gidan Bahaushe, ba sai an faɗa ba. Inna ta daina yi mata magana kai tsaye, sai ta aiki yaro: je ka ce wa uwarka kaza. Ita kuma ta daina fitowa shan ruwa tsakar gida, a ɗaki take sha. Shekararta tara a gidan nan, 'ya'ya uku, ba a taɓa jin kansu da Inna ba. Yaya ya rame, ba don azumi kaɗai ba. A daren da na iso ya ja ni gefe ya ce mani ta ce in an yi Salla za ta je gida ta huta. Kai ma ka san irin wannan hutun.

Me ya sa ni aka kira? Saboda na yi foli. A Mahuta in aka ce ka yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, to kai injiniya ne, ko da kuwa aikin jarida ka karanta kamar ni. Ni kuwa ban musa ba.

Washegari na hau rufi na tarar farantan sola sun yi futu-futu da ƙurar hunturu, kai ka ce an barbaɗa masu gari. Na wanke su. Ruwa ya ƙara ƙarfi kuwa, har na soma tafiya ina buɗa kafaɗa. Da asuba tanki wayam. Na kwana ina kallon bidiyon gyaran famfo a YouTube, Indiyawa da Turawa kowa na nuna nasa, kusan dukansu da fulot suke farawa. Na yanke hukunci fulot ne. Na hau mota har Funtuwa da bakin azumi na sayo sabo, na dawo na hau hasumiya da la'asar, jiri na ɗibata, na kwance tsohon na jefo shi ƙasa, na ɗaura sabon. Washegari sumo ya tashi da safe bai tsaya ba sai da rana ta faɗi, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

Daga nan sai na yi abin da mai sharhi ya saba yi in bai gane fim ba, na ɗora laifi a kan abin da ba a gani. A zaure, wajen shan ruwa, na ce a binciken da na yi rijiyar ce ke ƙafewa. Na ƙara da cewa sumo ruwa ne ke sanyaya shi, in ya ci gaba da juyawa babu isasshen ruwa zai ƙone, don haka gara a kashe shi a jira damina. Maganar sanyayawar gaskiya ce. Sauran kuwa daga aljihuna na ciro. Baba bai ce uffan ba, ya ajiye kofin kununsa ya ɗauki buzu ya tafi masallaci tun ba a kira isha'i ba. Kafin in shiga cikin gida maganar ta riga ni. Inna ta ce, "Bijimina ke nan." Can kuma ta ce in ma rijiyar ce ta ƙafe, ai wani ne ya ƙafar da ita. Ka ga na zo kashe wuta na ƙara mata kara.

A zauren nan akwai mutum ɗaya da ya yi shiru yana tauna dabino har kowa ya watse. Kawu ne, ƙanin Inna. Yara suna ce masa Kawun Ikko, domin ya tafi Legas yana saurayi a shekarun 1980, ya yi shekaru can, ya dawo da akwatin ƙarfe da rediyo mai kaset, ba mata ba kuɗi, bai kuma taɓa gaya wa kowa abin da ya koro shi ba. Yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha, in lokacinsa ya wuce ya koma mangwaro. A taron gida ba a cika neman ra'ayinsa ba.

Ya ce, "Kai ɗan boko, da ka hau sama, tankin ambaliya yake yi?"

Na ce a'a, ko rabi ba ya kaiwa.

"To mi ya kai ka ga fulot? In da shi ne ya lalace ai da ruwa ya cika ya riƙa zuba ƙasa kamar indararo. Abin nan gaskiya yake faɗi. Tanki bai cika ba, ya ce bai cika ba, kai kuma ka kwance shi ka jefar."

Wallahi mai karatu, sau biyar na hau hasumiyar nan, wannan tambayar ba ta taɓa zo mani ba. Na ce masa ina ya san fulot? Ya ce in an sauko daga asham in same shi a ƙofar gida.

Ashe gadi ya yi a Ikoyi, a gidan wani Bature da ke bakin ruwa. Baturen yana da ɗan jirgi mai inji, ɗaure a bayan gida, wanda suke tafiya shan iska da shi zuwa Tarkwa Bay ranar Lahadi. Da aka ga Kawu mai amana ne sai aka haɗa masa da wankin jirgin, a hankali ya koyi cikinsa. Ya ce babu jirgin da ba ya shan ruwa. Na sama ya zubo, igiyar ruwa ta watso, wani ya tsattsafo ta mahaɗai, duk su gangara su taru a can gindin jirgi, ƙarƙashin katakon da ake takawa. A nan aka dasa ɗan injin kwarfar ruwa, bai fi gwangwanin tumatir babba girma ba, yana cin wutar batir irin na mota. Shi ma yana da nasa fulot, sai dai aikinsa kishiyar namu ne: ruwa ya ƙaru ya ɗaga shi, inji ya tashi ya watsa ruwan waje ta wata ƙofa a gefen jirgi, ruwa ya ja, fulot ya kwanta, inji ya mutu. Na zamanin, in ji shi, har da zaiba a ciki maimakon ƙwallo. Kai tsaye ake haɗa shi da batir, don ya yi aiki ko an zare makulli kowa ya tafi ya kwanta. Makunninsa kuma hawa uku ne: ya yi da kansa, ya mutu, ko ya yi ta yi sai an kashe shi da hannu.

Daren farko da ya ji injin yana ta zuuu babu tsayawa, sai ya sauka da tocila ya ɗaga katako. Gindin jirgi a bushe. Wata guntuwar leda ce da daskararren baƙin mai suka tokare fulot a sama, injin yana ta zuƙar iska, batir ya kusa mutuwa. Ya zare ledar, abin ya yi shiru. Maigida ya yaba masa har da tukuici. Bayan nan ya ga iri-iri. Wata rana yaran Baturen ne suka bar makunni a hawa na uku. Wata rana gishiri ne ya cinye rigar wayoyi suka haɗu da juna, wuta ta riƙa wucewa ba ta bi ta fulot ba. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne lokacin da injin ke tashi yana mutuwa, yana tashi yana mutuwa, dare guda cur. Sai da wani makaniken jirgi ya nuna masa cewa ruwan da ya rage a cikin tiyo ne ke komowa da zarar inji ya tsaya, ya sake ɗaga fulot, ruwa ɗaya ake ta kai da kawowa. Kawu ya ce duk waɗannan abu ɗaya suka koya masa, kuma shi ne ya kashe shi: ya ɗauka injin nan maƙaryaci ne.

Sai wani dare a farkon damina. Maigida ya yi tafiya, an yi ruwa, Kawu yana fama da zazzaɓi. Ya ji zuuu daga bakin ruwa. Ya lallaɓa ya sauka, bai ɗaga katako ba, bai haska gefen jirgi ya ga ko ruwa na fita ba. Ya miƙa hannu ya zare waya daga kan batir, ya ce gobe in gari ya waye ya zare ledar. Da gari ya waye hancin jirgi kawai ya gani da igiyar da aka ɗaure shi, inji da kujeru duk suna cikin ruwan gishiri. Da aka ciro shi aka duba, wani tiyo ne da ke ƙasa zobensa ya yi tsatsa ya saki, ruwan waje yana kwararowa. Ashe ɗan injin nan shi ke riƙe da jirgin tun farkon dare, ruwa na shiga yana fitarwa, Kawu ya zo ya kashe shi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da na ɗaga katakon nan na tsoma yatsa na lasa, da na sani. Na sama ba gishiri, na ƙasa da gishiri. Lasa ɗaya."

A ranar aka sallame shi. Kunya ta hana shi neman wani aikin a unguwar, kunya kuma ta hana shi faɗa a gida, sama da shekara talatin.

Ina zaune ina sauraro, sai hankalina ya tafi inda ya saba tafiya. Wane ne a cikinmu bai kalli Titanic na James Cameron ba, wanda ya fito a 1997? Har namu na Hausa an yi a 2003, Masoyiyata. Amma abin da ya ja hankalinmu soyayyar ce. Jirgin gaske ya daki ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na daren 14 ga Afrilu, 1912, bai gama nutsewa ba sai 2:20 na asubahin 15, mutum sama da 1,500 suka halaka. A cikin wannan awa biyu da minti arba'in akwai mutane can ƙasa suna fama da injunan kwarfar ruwa da na lantarki, kuma a cikin hafsoshin injiniyoyin jirgin babu ko ɗaya da ya tsira. A fim ɗin ma akwai wurin da mai tsara jirgin, Thomas Andrews, yake gaya wa kyaftin cewa injunan ɗan lokaci kawai za su saya masu. Na kalli wurin nan ya fi sau goma, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a bakin mai rake. Mu kuwa a finafinanmu ruwa kayan ado ne: bakin dam ɗin Tiga, jarumi da jaruma cikin kwale-kwale suna waƙa, ko ruwan sama na tiyo. Ban taɓa ganin an haska yaron da ke tsugune a gindin kwale-kwale da yankakkiyar jarka yana kwarfa ba, alhali in ka je dam ɗin Mairuwa kusa da Funtuwa za ka gan shi, kuma shi ne dalilin da ya sa mai waƙa bai jiƙe ba. Masu shirya mana fim tsoron nuna aiki suke yi. Attajiri yana ofis yana juya fayil, likita yana rataye da abin awo, ba ka taɓa ganin hannun kowa ya yi datti. Wannan ƙorafin sai wani watan.

Da hantsi Kawu ya zo. Babu sukudireba, babu filaya. Dogon karan dawa ne a hannunsa da jarka mai cin lita 20. Ya sa na hau na ɗaga fulot da hannu, ruwa ya ɗauke. Na saki, jim kaɗan ya dawo. Ya tsinci tsohon da na jefar ya girgiza a kunne, ya ce, "Lafiyarshi lau," ya sa a aljihu. Sannan ya sa na tara jarka a bakin bututun da ke zuba cikin tanki, da hantsi da tsakar rana da la'asar. Ruwa garau, babu yashi, babu laka, ba ya yankewa. Ya ce rijiyar da ke ƙafewa tari take yi, ta watso ruwa ta watso iska, wannan kuwa numfashinta daidai yake. A nan binciken nawa ya mutu.

Ya ce saura abu ɗaya. Jirginsa ruwa ke shiga ta inda ba a gani, namu fita yake yi ta inda ba a gani. Da magariba ya sa aka cika randuna, ya murɗe makullin ruwan da ke gindin tanki, ya tsoma kara ya yi wa iyakar jiƙa zane da gawayi. Da asuba aka sake tsomawa, ruwa na nan a kan zane. Tanki ba ya yoyo ke nan. Dare na biyu ya buɗe makullin, ya sa aka ɗaure kowane kan famfo na gidan da tsumma, sannan ya yi abin da ni ba zan iya ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin matar Yaya ya yi sallama, ya ce ta ara masa makullin famfon waje na dare ɗaya. Ta miƙo ba ta ɗago kai ba. Ya kai wa Inna ya ce, "Yaya, sa wannan ƙarƙashin matashinki, kada ki ba kowa." Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kwana a gindin famfon.

Ban yi barci ba a daren. Na tabbata ba ni kaɗai ba.

Da sahur aka tsoma kara. Ya fito a bushe.

Makulli na ƙarƙashin matashin Inna, Kawu na gindin famfo, ruwa kuma ya tafi. Ba wanda ya ce komai, amma na ga Inna ta daɗe tana kallon karan nan.

Gari na wayewa Kawu ya tuɓe takalmi, ya ce a nuna masa inda bututu ya bi. Ya riƙa takawa a hankali, wai ƙafa ta fi ido sanin danshi. Bai ji komai ba har ya kai bango, sai ya fita ya zagaya bayan gida. A nan muka tarar da ciyawar kiri-kiri kore shar, faɗin tabarma, cikin watan Maris, lokacin da ko akuya ta manta launin ɗanyar ciyawa. Ni da nake hango ɗankwalin da ya sauya launi a cikin fim, ta nan nake bi kullum in tafi masallaci.

Daidai wurin ta ciki, turken rago ne. Ƙasar wajen kullum a jiƙe take da fitsari da ruwan dusa, shi ya sa ba wanda ya kula. Gefensa kuma tsohuwar rijiyar gidan ce da aka cike da ɓaraguzai, ita ke shanye ruwan ba ya tasowa. Yaya ya kawo diga. Bai yi zurfin kamu ɗaya ba sai ga bututu, ga turken ƙarfe ya ratsa shi ya tsaga shi tsawon tafin hannu.

Baba ya ce, "Wa ya kafa turken nan?"

Yara suka kalli juna. Yaya ya ce shi dai ya dawo daga gona ya gan shi a kafe. Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar yin shiru. Ranar da na kawo ragon gidan babu kowa sai mutum ɗaya, wadda ta fito ta miƙo mani taɓarya na buga turken da ita, har tana yi mani tsiya wai hannun biro ba ya iya duka. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Ta san wanda ya kafa, kuma ita aka yi sati uku ana ci da baki. Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, ba ta ce komai ba. Wannan shirun ne ya buɗe mani baki. Na ce, "Baba, ni ne."

Gyaran bai ci awa ɗaya ba: aka yanke wurin, aka sa guntun bututu da soket biyu da gam, kuɗinsu bai kai na fulot ɗin da na sayo ba, balle kuɗin motar Funtuwa. Aka mai da rago gindin darbejiya. Da yamma na je ƙofar ɗakinta na durƙusa na ce, "Anti, ki yafe mani." Ta ce, "Ɗan jarida, ai ni ba ni za ka ba haƙuri a ɓoye ba. Yadda kake buga laifin mutane a mujallarku, sai ka buga naka." Na ce zan buga. Ta ce za ta sa a karanta mata.

Inna ba ta ba da haƙuri da baki ba, kuma ban zaci za ta bayar ba. Da aka sha ruwa ta ɗauki makullin da kanta, ba ta aiki yaro ba, ta ɗaga labule ta shiga ɗakin surukarta da kwanon ƙosai. Ta daɗe a ciki. Ranar Salla matar Yaya ta je gidansu kamar kowace shekara, ta dawo kafin magariba.

Washegarin Salla na ɗauko kwamfutata na kunna wa Kawu wani fim a zaure, All Is Lost, wanda J. C. Chandor ya yi a 2013. Mutum ɗaya ne tal a ciki, Robert Redford, wanda ya mutu a watan Satumba na 2025, kuma kusan babu magana tun daga farko har ƙarshe, don haka ba a buƙatar fassara. Dattijo ne shi kaɗai a jirginsa a tsakiyar Tekun Indiya, ya farka ya tarar ruwa a ɗaki, wata kwantena da ke yawo a teku ta huda masa jirgi. Ruwa ya kashe kayan wuta, sai ya koma buga famfon hannu. Kawu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na lura hannunsa na dama yana motsi a kan gwiwa, sama da ƙasa, tare da na Baturen.

Ana cikin haka, wajen ƙarfe goma sha biyu saura, ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya karkata kunne wajen hasumiya. Ƙarar zubar ruwa ta ɗauke. Daga cikin gida muka ji Inna tana cewa a miƙo mata ashana.

Kawu ya sauke hannu ya ce, "To, mai da shi baya wajen da yake buga famfon nan. Ban gama gani ba."